Yaya ake zaɓen janar manaja a NFL, kuma wa ke riƙe da wuƙa da nama?

Ɗan Samaru:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce gare ni ga waɗanda suka daɗe suna bin ƙwallon Amurka, wato NFL, ba irin tamu ta ƙafa ba. Duk watan Janairu, da an buga wasannin ƙarshe na kaka ranar Lahadi, washegari Litinin sai ka ji an sallami koci a nan, an sallami janar manaja a can. Na koci kowa ya gane, don a Firimiya ma haka ake yi. Na janar manajan ne ya raba kan majalisarmu ta nan Samaru. Wasu sun ce shi ne daidai da daraktan wasanni na kulob-kulob ɗin Turai, wasu sun ce sakatare ne kawai mai tsara takardu. To mene ne aikinsa takamaimai? Wa ke ɗaukarsa, ta wace hanya, kuma me ake dubawa a jikinsa? Sannan me ya sa za a ɗauko mutum daga kulob ɗin da ya ci kofi, a yi ta yabonsa, bayan shekara uku a kore shi?

Malam Na-Kongo:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Masu cewa daraktan wasanni sun fi kusa da gaskiya, sai dai ikonsa ya fi na daraktan Turai nesa ba kusa ba, saboda yadda aka gina gasar. Kulob 32 ne, babu mai faɗawa gasar 'yan dagaji, kuma ba a ɗaukar buhun kuɗi a je a sayo ɗan wasa daga wani kulob yadda Real Madrid ke yi. Galibi ta hanya uku ɗan wasa ke shigowa: ko a zaɓo shi daga jami'a a taron diraf na ƙarshen Afrilu mai zagaye 7, ko a yi musaya da wani kulob, ko a ɗauki wanda kwantiraginsa ya ƙare. Duk ukun a teburin janar manaja suke. Shi ke tara mutum 90 a sansanin atisaye, ƙarshen Agusta ya tankaɗe su su koma 53, ya ajiye 16 a gefe suna atisaye kawai, da gurbi ɗaya na ƙari ga ɗan wasan da ya fito daga wajen Amurka. Ta wannan ƙofar ta 'yan ƙasashen waje ce yaranmu na Najeriya da ba su yi jami'a a can ba suke samun shiga.

Mai kulob ne ke ɗaukarsa. A Green Bay ne kawai abin ya bambanta, don kulob ɗin na jama'a masu hannun jari ne, shugaban da aka naɗa shi ke ɗauka. A Dallas kuwa tuwona maina ake yi: Jerry Jones shi ne mai kulob, shi ne janar manaja tun 1989, ba wanda zai kore shi.

Matakin farko ba tattara sunaye ba ne, kuma nan ne yawancin masu kulob ke tuntuɓe. Kafin a kira kowa, sai an rubuta a takarda wa ke da maganar ƙarshe a kan abu uku: zaɓen diraf, jerin mutum 53, da ɗauka ko korar koci. Dalili biyu ne. Na ɗaya, dokar gasar ba ta yarda kulob ya hana ma'aikacinsa zuwa ganawar neman aiki ba idan kujerar da ake kiransa ta babban mai yanke hukunci ce a harkar 'yan wasa. Idan suna ne kawai babu iko, maigidansa na yanzu zai iya cewa ba inda za shi. Na biyu, ƙwararren da ya san darajar kansa ba zai bar mataimakin manaja a kulob mai cin wasa ya zo ya zama ɗan amshin shatan koci ko na ɗan mai kulob ba.

Daga nan sai kwamiti, don yawancin masu kulob 'yan kasuwa ne, ba su san tambayar da za su yi wa ɗan takara ba. Da Josh Harris ya tashi gyara Washington a Janairun 2024, ya jawo Rick Spielman, tsohon janar manajan Minnesota, da Bob Myers wanda ma a ƙwallon kwando ya yi suna da Golden State. Su suka taya shi ɗauko Adam Peters daga San Francisco. Ana tura wa kulob-kulob takardar neman izinin ganawa da ma'aikatansu, a yi zagayen farko ta bidiyo, a rage su koma biyu ko uku, a kira su ido da ido.

Akwai kuma dokar Rooney, mai sunan marigayi Dan Rooney na Pittsburgh. An kafa ta a 2003 don kujerar koci, a 2009 aka faɗaɗa ta ta haɗa da ta janar manaja. A yanzu dole a gana da aƙalla mutum biyu daga wajen kulob waɗanda suka fito daga al'ummomin da aka daɗe ana bari a baya, kamar baƙaƙen fata. Tun daga 2020 kuma, kulob ɗin da ya raini irin wannan ma'aikaci har wani ya ɗauke shi koci ko janar manaja, ana ba shi tukuicin zaɓen zagaye na uku shekara biyu a jere. Inda ake yi wa dokar kwana shi ne a riga a gama magana da wanda ake so, sannan a kira mutum biyu a sha shayi da su don cika sharaɗi.

Abu na ƙarshe, lokaci ba ya jira. Ƙarshen Janairu ko farkon Fabrairu akwai wasan Senior Bowl a garin Mobil na jihar Alabama, inda ake kallon manyan ɗalibai. Ƙarshen Fabrairu ana taruwa a Indiyanapolis ana auna gudu da ƙarfi da lafiyar yaran. Tsakiyar Maris kasuwar 'yan wasa ta buɗe, ƙarshen Afrilu diraf. Wanda aka ɗauka a tsakiyar Janairu wata uku da 'yan kwanaki ne a hannunsa, kuma da rahotannin masu farautar 'yan wasan da ya gada zai yi diraf ɗinsa na farko, don sai bayan diraf ake sauya su. Saboda haka wanda ya yanke wa sabon manaja hukunci da diraf ɗin farko kaɗai bai yi masa adalci ba.

Akanta na PZ:

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni ɓangaren kuɗi zan ƙara, don a ganina shi ne jarrabawar da ya kamata a fara yi wa ɗan takara.

Kowace shekara gasar tana sa haddin albashi, kuma kowane kulob, mai kuɗi da maras shi, haddi ɗaya ne. A 2023 dala miliyan 224.8 ne, a 2024 ya koma 255.4, a 2025 ya kai 279.2. Ba kullum yake hawa ba: a 2021, bayan korona ta hana 'yan kallo shiga fili, ya sauko daga 198.2 zuwa 182.5, waɗanda suka yi lissafi da tunanin zai ci gaba da hawa suka yi ta sallamar 'yan wasa ba don suna so ba.

Ga inda dabarar take. Kafin alƙalamin da ake ba ɗan wasa ranar sa hannu, a aljihunsa yake shiga nan take, amma a littafin haddi ana raba shi daidai a kan shekarun kwantiragin, iyaka shekara 5. A ɗauka ka ba mutum kwantiragin shekara 5 da kafin alƙalami miliyan 50. Littafi zai riƙa cire miliyan 10 duk shekara. Bayan shekara 2 ƙafa ta tafi, ka ce ya kama gabansa. Miliyan 30 da ta rage ba ta yafuwa, gaba ɗaya za ta faɗo kan shekarar da ka sallame shi. Sassaucin da ke akwai shi ne sallamar bayan 1 ga Yuni, inda 10 za ta zauna a bana, 20 ta koma baɗi. Wannan shi suke kira mataccen kuɗi: kana biyan gurbin wanda yake can yana buga wa wani.

Ba tatsuniya ba ce. A 2022 Denver ta ba Seattle zaɓen zagayen farko biyu, na zagaye na biyu biyu, da 'yan wasa uku, ta karɓo Russell Wilson, ta ƙara masa kwantiragin miliyan 245 tun bai jefa ƙwallo ko ɗaya a wasan gasa ba. Kaka biyu aka raba gari, mataccen kuɗi miliyan 85, aka raba 53 a 2024 da 32 a 2025. A shekarar nan ta 2022 Cleveland ta ba Houston zagayen farko uku saboda Deshaun Watson, ta kuma lamunce masa miliyan 230 gaba ɗaya, ko ya buga ko bai buga ba. Irin wannan sa hannun guda ɗaya yana ɗaure kulob shekara huɗu ko biyar.

Don haka idan ni ne a kwamiti, ba zan tambayi ɗan takara falsafarsa ba, kowa ya iya wannan karatun. Littafin haddin kulob ɗin zan tura masa kwana biyu kafin ganawa, in ce ya zo da takarda: wa za a sallama a Maris, wa za a tsawaita wa, nawa zai rage na kasuwa, kuma yaya littafin zai kasance nan da shekara 3. Wanda duk amsarsa ita ce a mayar da albashi kafin alƙalami a tura nauyin gaba, to bashi yake ci da sunan wanda zai gaje shi. Turawar ba haramun ba ce, Howie Roseman na Philadelphia gwaninta ne, ga shi da kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, har biyu, na Fabrairun 2018 da na Fabrairun 2025. Amma shi a kan matasan da ya tabbatar za su daɗe yake yi, kuma da wuri, kafin farashinsu ya tashi. Mutumin nan lauya ne, bai taɓa buga wasan a matakin ƙwararru ba, ta ofishin lissafin haddi ya shigo.

'Yar Tudun Wada:

Yallabai Akanta, ban ƙi ta taka ba, amma ka ɗora jarrabawar a inda ba nan gizo ke saƙa ba. Mai lissafin haddi ana ɗaukarsa aiki, kowane kulob yana da shi a ƙarƙashin manaja. Idon gane ɗan wasa da iya sauraron masu farauta shi ne ba a saya a kasuwa. Kuma lissafin naka ma a kan diraf ya dogara. Tun yarjejeniyar 2011 an ƙayyade albashin sabbin shiga: shekara 4 a farashi mai sauƙi, 'yan zagayen farko kuma kulob na da zaɓin ƙara ta biyar. Kulob ɗin da ke samo 'yan wasan farko uku ko huɗu a kowane diraf ba ya shiga kasuwar Maris da yunwa, ballantana ya yi sayen da zai jawo masa mataccen kuɗi.

Tambayar Ɗan Samaru ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, wato me ya sa na kulob mai kofi ke zuwa ya faɗi. Amsar ita ce ana ɗaukar sunan gidan da mutum ya fito, ba a bincika abin da shi da kansa ya yi a gidan. Ɗakin diraf mutum ashirin ne ko fiye. Idan zaɓe ya yi kyau kowa zai ce da shi aka yi, idan ya lalace babu uban ɗa. Maganin wannan shi ne takarda. Duk mai farauta yana rubuta rahoto da maki a kan kowane yaro kafin diraf, da kwanan wata. Kwamitin da ya san aikinsa zai bi ta bakin waɗanda suka zauna a ɗakin ya ji wa ya tsaya kai da fata a kan wa. A sa ɗan takara ya kawo yara biyar da ya yaba suka faɗi, ya faɗi abin da ya ɓace masa: lafiya ce bai auna ba, hali ne, ko tsarin wasan jami'ar ne ya rufe aibin yaron? Wanda ya ce bai tuna ko ɗaya ba, a ba shi ruwa ya sha a sallame shi.

Ga misalin yadda ake gane na gaske. A 2017 John Dorsey ne janar manajan Kansas City lokacin da suka hau daga lamba 27 zuwa 10 a layin zaɓen diraf suka ɗauki Patrick Mahomes. Amma a cikin gidan an san Brett Veach ne ya dami koci Andy Reid da bidiyon yaron tun kafin nan. Da Dorsey ya tafi a wannan shekarar, ba su je nesa ba, Veach suka ba. Haka Brad Holmes: shekaru yana shugabantar farautar 'yan jami'a a Rams, a zamaninsa aka ɗauki Aaron Donald a lamba 13 a 2014. Detroit ta ɗauke shi a Janairun 2021. Ya ba Rams Matthew Stafford ya karɓi Jared Goff da zagayen farko biyu da na uku ɗaya, ya ɗauki Penei Sewell a lamba 7, ya tsinto Amon-Ra St. Brown a zagaye na huɗu. Kakar farko wasa 3 kawai suka ci. Ta biyu 9, ta uku 12, ta huɗu 15. Da mai kulob mai gajen haƙuri ne, da tun a ta farko an fara gunaguni.

Sannan kar a ruɗu da tsohon ɗan wasa mai daɗin baki a talabijin. Detroit ɗin nan dai ta gwada da Matt Millen daga 2001 zuwa 2008: ya ci 31, an ci shi 84, ya ɗauki masu cafe ƙwallo a zagayen farko shekara uku a jere daga 2003 zuwa 2005, kulob ɗin da ya bari ya ƙare 2008 bai ci wasa ko ɗaya ba cikin 16. Shi ne ma aka ci tarar dala 200,000 a 2003 kan taka dokar Rooney da Malam ya ambata. Ba wai tsohon ɗan wasa ba ya iyawa ba. Ozzie Newsome, baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar, ya fara diraf ɗin Baltimore a 1996 da Jonathan Ogden da Ray Lewis, ya rufe a 2018 da Lamar Jackson a lamba 32. Bambancin shi ne Newsome ya zauna a ofis ya koyi aikin daga ƙasa bayan ya ajiye kwalkwali.

Ɗan Samaru:

Na gode ƙwarai, kun warware mana da yawa. Amma Malama, John Lynch fa? Shi ma daga talabijin San Francisco ta ɗauko shi, ga shi bai faɗi ba. Sannan wanne ake fara ɗauka, koci ko manaja?

Malam Na-Kongo:

Tambayoyin naka biyu amsarsu ɗaya ce. Lynch bai zo shi kaɗai ba. A 2017 tare aka ɗauke su da koci Kyle Shanahan, kowanne kwantiragin shekara 6, kuma sun amince da juna tun kafin a sa hannu. Lynch ya san inda yake da rauni, ya jawo irin su Adam Peters suka riƙe masa farauta. Sun je Super Bowl sau biyu, Kansas City ta doke su duka biyun. Sun kuma tafka kuskuren da ya isa ya kori wani: a 2021 suka ba Miami lamba 12 da zagayen farko na 2022 da na 2023 don su hau lamba 3 su ɗauki Trey Lance, wanda wasa 4 kawai aka fara da shi kafin a tura shi Dallas. Abin da ya rufa musu asiri shi ne Brock Purdy, wanda suka ɗauka a lamba 262, na ƙarshe ƙaf a diraf ɗin 2022. Da koci da manajan ba jirgi ɗaya suka hau ba, da tuni ɗaya ya kai ƙarar ɗaya wajen mai kulob.

A al'ada manaja ake fara ɗauka, shi ya jagoranci neman koci. Amma idan kocin da ake nema ya fi kowa tsada a kasuwa, shi ke sa sharaɗi. A Janairun 2025 Jacksonville ta kori koci ta bar manajanta Trent Baalke. Liam Coen, kocin da suke nema, ya janye daga neman aikin, mai kulob ya sallami Baalke, cikin kwana biyu Coen ya dawo ya karɓa. Duka hanyoyin biyu suna aiki. Wadda ba ta aiki ita ce agogo ya bambanta, wato manaja sabo mai shekara biyar a gaba, koci tsoho da ya san idan bai ci bana ba ya tafi. Ɗaya yana son tara zaɓen diraf, ɗaya yana son a sayar da su a kawo tsofaffin hannu yau.

Dubi Chicago. A 2017 sun ɗauki kwatabak, wato mai jefa ƙwallo, Mitchell Trubisky a lamba 2, ƙarshen kakar suka kori koci John Fox. A 2021 sun ɗauki Justin Fields a lamba 11, ƙarshen kakar koci da manaja duka suka tafi. A 2024 sun ɗauki Caleb Williams a lamba 1, kafin kakar ta ƙare an kori koci Matt Eberflus. Sau uku ana kawo yaro mai jifa a hannun kocin da ƙafarsa ɗaya ke waje, shekara ta biyu ya fara koyon sabon tsari a wajen wanda bai zaɓe shi ba.

Akanta na PZ:

Malama ta kayar da ni a rabi, na karɓa. Amma lambar 1 ɗin nan da Chicago ta ɗauki Williams da ita, ku tuna ba tata ba ce, ta Carolina ce, kuma lissafi ne ya kawo ta. A 2023 Carolina ta ba da DJ Moore, da lamba 9, da lamba 61, da zagayen farko na 2024, da na biyu na 2025, don ta hau lamba 1 ta ɗauki Bryce Young. A tsohon jadawalin farashin zaɓe da ake jingina wa tsohon kocin Dallas Jimmy Johnson, lamba 1 maki 3,000 ce, lamba 10 maki 1,300, lamba 32 maki 590. Wanda ya sayar da zagayen farko na baɗi yana ɗauka a tsakiya ko ƙasa zai faɗo. Carolina ta ci wasa 2 cikin 17, ta ƙare a ƙasan teburi, kuma na ƙasan teburi ake ba lamba 1, don haka abin da ta bayar ya zama mai maki 3,000. An kori koci Frank Reich bayan wasa 11, manaja Scott Fitterer ya bi shi a Janairu. Don haka a ƙara wannan cikin tambayoyin kwamiti: idan mai kulob da kansa ya matsa a yi irin wannan cinikin, kai kuma lissafinka ya nuna kulob ɗin bai kai ba, me za ka ce masa? A lura da fuskar mai kulob ɗin ma lokacin da ake ba da amsar, don yana zaune a wajen.